Umma na shan co-codamol bayan aikin ƙashi: Goggo ta ƙara mata farasitamol, Yaya kuma ya ce a zubar da co-codamol ɗin

Maman Hanan, Rijiyar Zaki:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin magani a cikinmu ku taimaka min, tun daren jiya hankalina bai kwanta ba.

Mahaifiyarmu ce, shekarunta 64, ta zame a banɗaki wajen alwalar asuba ta karye a tsintsiyar hannun dama. Ita maɗori ta so a kira, amma da aka yi hoto aka ga ƙashin ya goce, aka ce sai aiki. An yi, an sa ƙarfe, ranar Asabar aka sallame mu. Cikin magungunan da aka rubuta akwai wani co-codamol, a jikin kwalin an sa 30/500. Likita ya ce ƙwaya biyu sau uku a rana, na kwana bakwai. Ni nake ba ta da hannuna: bayan asuba, bayan azahar in na taso daga makarantar da nake koyarwa, sai bayan isha'i.

Jiya Talata Goggonmu ce ta wuni da ita. Sai da dare muna hira take ce min da hantsi Umma ta ce kanta na sarawa, ta ba ta farasitamol biyu, da la'asar kuma ta fara atishawa, ta ƙara mata ƙwaya ɗaya ta maganin mura. Lokacin na riga na ba ta na isha'i. Na ɗauko takardar da ke cikin kwalin co-codamol ɗin ina dubawa, sai na ga an ce kada a haɗa shi da duk wani magani mai farasitamol. Na juya katin maganin murar, shi ma farasitamol 500 a jikinsa. Umma ba ta da jiki, ranar aikin kilo 51 aka auna ta. Yanzu dai garau take, ta sha kokonta tana jan carbi. Ni ce tsoro ya hana ni ba ta na asubar yau, hannun kuma ya fara yi mata zogi.

Ga kuma Yayanmu. Ya zo duba ta ya ɗauki kwalin, yana ganin sunan kodin ransa ya ɓaci. Ya ce abin da ya lalata yaran unguwa shi za mu ɗirka wa mahaifiyarmu? Ya ce a zubar, a bar ta da farasitamol da addu'a. Ban ga laifinsa ba, mun ga abin da kodin ya yi a layinmu. Amma shi ba ya kwana a ɗakin. Ni nake jin nishinta in maganin ya sake ta.

Sauran damuwata: yau kwana huɗu ba ta yi bayan gida ba, cikin ya ɗaure. In ta sha maganin takan yi ta gyangyaɗi. Goggo ta ce a riƙa ba ta Piriton da dare ta samu barci sosai. Sannan gobe Alhamis, ita kuma ta fi shekara ashirin ba ta barin azumin Litinin da Alhamis, wai in haɗe mata na rana da na dare ta sha bayan shan ruwa. Ya zan yi?

Mai harhaɗa magani, Zariya:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne. Shekarata 11 a sashen magani na wani asibiti. Zan fara da abin da ba ya jira.

Lambobin nan 30/500 suna nufin kowace ƙwaya akwai kodin miligiram 30 da farasitamol miligiram 500. Magani biyu ne a cikin ƙwaya ɗaya. To mu yi lissafin jiya. Ƙwaya shida da kika ba ta, farasitamol 3,000 kenan. Biyun Goggo 1,000. Na mura 500. Jimla 4,500. Iyakar babban mutum mai cikakken jiki da lafiyayyar hanta 4,000 ce a awa 24. Wanda bai kai kilo 50 ba, ko tsoho, ko mai ciwon hanta, ko wanda cin abincinsa ya ja baya, mukan rage masa ƙasa da haka, Umma kuma da kilo 51 a bakin wannan iyakar take. Don haka ki kai ta asibiti yau, kada ki bari sai gobe. Ki kwashi kwalin da katin farasitamol ɗin da na murar duka, ki rubuta lokacin da ta sha kowanne. Kin yi daidai da ba ki ba ta na asuba ba, kuma kada a ba ta komai mai farasitamol har likita ya gan ta. Mai yiwuwa a ɗebi jininta a duba hanta a ce babu komai, ina fatan haka, amma gwajin ne zai faɗa, ba ni ba.

Kada zamanta garau ya ruɗe ki. Farasitamol in ya yi wa hanta yawa, sau da yawa ba ya nuna kansa a ranar farko. Mutum zai ci tuwonsa ya yi hira, sai bayan kwana biyu ko uku amai ya taso, ciwo ya kama ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ido ya koma ruwan ɗorawa kamar mai shawara. Akwai makarinsa a asibiti, ta ƙarin ruwa ake bayarwa, amma da wuri yake aiki sosai. Ga wanda ya sha da yawa a lokaci guda, awa 8 na farko ake rububi.

Ki yi wa Goggo uzuri. Ina yawan ganin irin wannan, don mutanenmu ba sa lissafa farasitamol cikin magani, kamar gishirin miya muke ɗaukarsa. Panadol shi ne. Procold da Mixagrip suna ɗauke da shi. Maganin wannan matsala shi ne mutum ɗaya ya riƙe magungunan Umma, a manna takarda a bango, duk abin da ta haɗiya a rubuta sunansa da ƙarfe nawa. Kada kuma a ce tun da an dakatar da wannan bari a sayo diklofenak ko ibufurofen a kemis. Ga mai shekarunta, musamman in akwai hawan jini ko gyambon ciki, su ma sai da izinin likita.

Sai kodin. Shi kansa ba shi ne ke kashe zafin ba sosai, hanta ce ke juya wani ɓangarensa, kusan kashi 10 cikin 100, ya zama mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi. Jikin mutane ya bambanta a nan. Wani hantarsa ba ta juyawa, ya sha bai ji sauƙi ba sai tashin zuciya. Wani kuma tana juyawa da yawa da sauri, ƙwaya biyun da ba ta yi wa maƙwabcinsa komai ba shi ta kwantar da shi. An fi samun masu saurin nan a wasu sassan Afirka, a Habasha an samu har kusan kashi 29 cikin 100. Ba a gane su a fuska. Shi ya sa gyangyaɗin da kika ambata ya ja hankalina, ki faɗa wa likita shi ma, wataƙila ƙwaya ɗaya ta ishe ta.

Gyangyaɗin da in an kira sunanta za ta buɗe ido ta amsa daidai, wannan an saba gani. Wanda ke kai mutum asibiti a guje shi ne ki tashe ta da ƙyar ko ta ƙi tashi, maganarta ta sarƙe, numfashi ya yi nisa da juna ko ya koma wani irin minshari da ba ta saba ba, leɓe da farce su yi toka-toka, baƙin tsakiyar idonta ya tsuke kamar kan allura. In tana barci ki kalli ƙirjinta ki ƙirga na minti ɗaya cif da agogon waya. Babba yakan ja 12 zuwa 20. In ya sauka ƙasa da 10, ki kwantar da ita ta gefe a nemo mota nan take. Ban da ɗura madara ko manja, shaƙe ta kawai za su yi. Akwai allurar da ke karya shi, nalokson sunanta, a asibiti take.

Piriton kam a'a. Kodin na rage ƙarfin numfashi, duk abin da ke sa barci kuma ƙara masa nauyi yake: Piriton, Valium, Lexotan, tiramadol, maganin jijiya irin su firegabalin, har da yawancin maganin mura, don akwai mai sa barci a cikinsu. Kuma tunda faɗuwa ce ta kawo mu nan, maganin nan na sa jiri. In za ta banɗaki da dare a raka ta, a bar mata fitila.

Bayan gida kuwa aikin kodin ne, yana sa hanji ya yi sanyin tafiya, mutane da yawa yake yi wa. Ruwa da yawa, gwanda, lemo, zogale, miyar kuɓewa, da ɗan zagaye a tsakar gida. Kwana huɗu ya isa a roƙi likita ya rubuta mai sassautawa, laktulos ko sena. Sena dangin filasko ne, amma kada a dafa mata filasko a gida, ba shi da ma'auni, in ya tsuge tsohuwa ruwan jikinta zai ƙare. In ciki ya kumbura ga amai, ko tusa ba ta fita, wannan ma asibiti ne.

Haɗe na rana da na dare ba ya yiwuwa ko kaɗan. Ba a wuce ƙwaya biyu a lokaci ɗaya, kuma tsakanin sha da sha aƙalla awa 4. Azumin nafila ne, na farilla ma Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Ki lallashe ta.

Baban Yara, Fagge:

Allah ya ƙara sauƙi. Malam mai magani ya gama magana a fanninsa, ni ba zan tsoma baki ba. Amma 'yata, kada ki yi wa yayanki kallon wanda bai san abin da yake yi ba. Wanda ya ga abin da muka gani a garin nan dole sunan kodin ya tsinka masa zuciya. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken da BBC ta yi, amma kafin nan gidaje nawa suka riga suka ƙone? Har matan aure.

Namu gidan ya taɓu. Ɗan ƙanena ne, yana da shekara 19 a lokacin. Da kwalba ya fara cikin abokai. Da kwalba ta yi tsada ya koma laluben duk abin da ya samu. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, an yi mata aiki an ba ta irin ƙwayoyin nan na kashe zafi, ta warke ragowar na cikin kwanon samira a ɗakinta. Yaron nan shi ne mai yi mata aike, kullum yana ɗakin, muna ta sa masa albarka. Sai da muka same shi a soro ba ya motsi muka gane kwanon ya zama wayam. Ya rayu, alhamdu lillahi, yanzu yana ɗinki, amma mun sha wuya shekara uku.

Ni ban ce a zubar ba. Abin da aka hana na kwalba ne, wannan kuma likita ne ya rubuta wa mai karaya. Abin da nake roƙonki, ki sa shi a akwati mai kwaɗo, makullin a jikinki. Ki ƙirga ƙwayoyin kullum da dare. In kwana bakwan ya cika ciwo bai tafi ba, wajen likita za ki koma, ba kemis za ki je da tsohon kwali a ƙaro miki ba, don akwai masu bayarwa ba su tambayi takarda ba. In maƙwabciya ta aiko tana ciwon baya a sam mata biyu, ki ce babu. Ragowar kuma kada ta kwana a gidan da sunan ko za a buƙata wata rana.

Mai sikila, Kaduna:

Anti sannu da jinya. Baba na ji labarinka, Allah ya ƙara shirya mana. Ni ta ɗaya gefen zan yi magana, don shekarata 29 kuma tun ina budurwa co-codamol na cikin jakata da takardar likita.

Don Allah kada tsoron suna ya sa a bar Umma da ciwo. Wanda bai taɓa jin ciwon ƙashi ba zai ce a yi haƙuri da farasitamol. In nawa ya tashi ji nake kamar ana kwankwatsa ƙashin da taɓarya, kuma abin da ya fi ciwon ƙona min rai shi ne in je asibiti ina murƙususu wani ma'aikaci ya yi min kallon 'yar ƙwaya. Mai karaya da ba ta barci saboda zogi ba za ta ci abinci ba, ba za ta yarda ta motsa yatsun ba in an zo gashi, hannun ya sandare.

Amma zan faɗi gaskiyar abin da ya same ni. Wata shekara da sanyi ciwo ya riƙe ni na yi sati uku ina sha kullum. Da na ji sauƙi na ajiye lokaci ɗaya. Kashegari sai hamma ba ƙaƙƙautawa, majina, zufa, gudawa, ƙafafuna sun ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaura. Na ɗauka zazzaɓin sauro ne, aka gwada babu. Likitana ya ce jikina ne ya saba, ya mayar da ni kan kaɗan yana ragewa a hankali har na rabu da shi. Ya ce min sabon jiki daban, kamu daban. Sabon jiki na iya samun duk wanda ya daɗe yana sha. Kamu shi ne ciwo ya tafi kana neman ƙwayar, kana ƙara adadi, kana ɓoyewa. Na taɓa jin ƙofar wannan ma. Wata rana raina ne ya ɓaci, ba ƙashi ke ciwo ba, na ga hannuna ya nufi jakar don in samu natsuwa. Na tsorata ƙwarai. Na ba mijina maganin ya riƙe, na kuma gaya wa likita a zuwana na gaba.

Wata 'yar uwata ta taɓa zuwa da ƙaramin, 8/500, daga Ingila. Can ana sayar da shi ba takarda, amma a jikin kwalin an rubuta kwana uku kacal, da gargaɗin yana iya kama mutum. Wancan ƙaramin kenan, na Umma ya kusa ninka shi huɗu a kodin. Kwana bakwai a hannun likita ba shi ne abin tsoro ba, a bar shi ya zarce babu mai lura shi ne. Ki tambayi likitan tun yau: yaushe za mu fara ragewa? Kuma ki tafi da Yaya ya ji da kunnensa.

Ungozoma, Maraɗi:

Allah shi ba Hajiya lafiya. Don 'yan uwa na wannan gefe nake ƙarawa, mu nan sunan co-codamol ba shi muka sani ba. Abin da lokotoro ke rubutawa Efferalgan Codéine ne ko Dafalgan Codéine ko Codoliprane, duk farasitamol ne da kodin a haɗe. Doliprane da Efferalgan zalla kuma farasitamol ne, kada a haɗa su da waɗancan. Irin wanda ake jefawa a ruwa yana tafasa akwai gishiri da yawa a cikinsa, mai hawan jini ya faɗa wa lokotoro kafin a rubuta masa.

Na ga sunanki Maman Hanan, ban sani ba ko kina goyo. In kina shayarwa, ko ciwon haƙori ya hana ki barci kada ki taɓa na Umma. Yana bi ta nono, jariri ya yi ta barci ya kasa tsotso, numfashinsa ya yi rauni. Yaro ƙasa da shekara 12 ma ba a ba shi kodin, hukumomin magani na Turai sun tsayar da haka tun 2013, Amurka ta bi a 2017. Mai ciki kuma sai ta tambaya.

Maman Hanan, Rijiyar Zaki:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ku yi haƙuri sai yau Juma'a na samu zama.

Ina karanta amsar Malam na kira Yaya, shi ya kai mu a motarsa. Na zube wa likita kwalayen da takardar lokutan. Ya sa aka ɗebi jini, muka zauna har bayan la'asar, sakamako ya fito ya ce hantar lafiya lau. A wurin na fashe da kuka. Da na faɗa masa gyangyaɗin ya mayar da ita ƙwaya ɗaya, sai in ciwon ya matsa, kada ta wuce uku a rana. Ya ce daga Lahadi a gwada farasitamol zalla ƙwaya ɗaya da rana, co-codamol ɗin da dare kaɗai, ya rubuta min adadin da kada in haura in an haɗa duka. Ya ba da laktulos, jiya da safe cikin ya saki. Ya kuma ce a riƙa ɗora hannun a kan filo ya fi ƙirjinta tudu, wallahi hakan ma ya rage zogin.

Yaya ya yi wa likitan tambayoyi sun fi goma. A hanyar dawowa ya tsaya ya sayi ƙaramin kwaɗo da kansa. Goggo ce ta ba ni tausayi, ta yi ta cewa ta kusa kashe matar wanta, sai da Umma ta rarrashe ta. Yanzu ita ke tuna min in rubuta a takardar bango. Azumi kuma malamarsu ta Islamiyya ta zo dubiya ta yi mata magana, ta haƙura sai an cire zare.

Daren jiya na ƙirga numfashinta sau biyu, 15 da 16. Saura ƙwaya 17 a akwatin, ga alama ba za ta shanye ba. Malam, ragowar in kai kemis ɗin unguwa ko sai asibiti?

Mai harhaɗa magani, Zariya:

Alhamdu lillahi. Sashen magani na asibitin za ki kai, a cikin kwalinsu, ranar cire zaren. Ki ƙirga su a gaban wanda zai karɓa.